Sarƙar da Aka Ƙwace da Lambar da Aka Yar

Lambar ba ta fi faɗin farcen babban yatsa ba. Ta alminiyam ce, mai siffar ƙwai, kuma shekara talatin tana gogayya da fata da gumi sun shafe rabin abin da aka zana a kanta. Wanda ya kai ta kusa da haske zai iya gane fuskar mace sanye da hular mata masu zaman zuhudu, da wani ɗan tudu a ƙirjinta wanda shi ma lamba ce, irin wadda 'yan ƙungiyarta suke ratayawa. A gefe akwai suna da haruffan boko: Bakhita. A baya kuwa gajeren roƙo ne, cewa ta yi wa mai ɗauke da lambar addu'a. In aka kai ta kasuwa, ba za ta sayi kofin shayi ba.

Mai ita 'yar asalin tsaunukan Nuba ce da ta tashi a garin Al-Ubayyid, ta karanta ilimin harhaɗa magunguna, ta kama aiki a wani kantin magani a Khartum. Da albashinta na farko ta sayi siririyar sarƙar zinariya ta zura lambar a ciki, domin zaren da mahaifiyarta ta haɗo mata da shi ya tsufa, kuma domin matan Sudan sun daɗe da sanin cewa zinariya a jiki ajiya ce ta ranar tsanani. Ranar ta zo a 15 ga Afrilu, 2023, da yaƙi ya ɓarke a tsakiyar birnin. Bayan mako biyu tana kwana a ƙarƙashin gado, ta samu kujera a motar safa mai zuwa iyakar Masar. Ba su yi nisa ba aka tsayar da su a wani shinge. Wani yaro riƙe da bindiga, wanda bai kai ƙaninta a shekaru ba, ya bi kujera-kujera yana karɓar waya da kuɗi da 'yan kunne. Da ya iso kanta ya fizge sarƙar, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya zare lambar, ya duba gaba da baya, ya ga ba azurfa ba ce, ya yar a ƙasan mota.

Wadda ta sa ƙafa ta rufe ta har suka wuce wata dattijuwa ce da ke zaune kusa da ita, Bahaushiyar Sudan daga Maiwurno, garin nan na kusa da Sinnar wanda ya samo asali daga masu hijirar da suka nufi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Sai da motar ta yi tafiyar sa'a guda, kowa ya yi tsit, sannan ta buɗe hannunta.

"Ɗiyata, ga layarki."

"Ba laya ba ce, Hajiya."

"To mece ce, in ba laya ba?"

Mai lambar ta buɗe baki ta rasa ta cewa. Tambayar ta fi ƙarfin amsar da aka haddasa mata tana yarinya a ajin koyarwar coci, ko da yake amsar ba ƙarya ba ce.

Ga yadda take. A wurin Cocin Katolika, ƙarfen ba shi da wani iko na kansa. Tun taron shugabannin coci na biyu da aka yi a Nikiya a shekarar 787, bayan dogon rikici kan farfasa hotuna a daular Rumawan Gabas, aka tsayar da magana cewa girmamawar da ake yi wa hoto tana zarcewa ne ga wanda aka zana, kuma girmamawa dabam take da sujada, wadda ta Allah ce shi kaɗai. Waliyyi a fahimtarsu mutum ne da ya riga ya isa gaban Allah, ana roƙonsa ya sa baki kamar yadda ake ce wa mutumin kirki mai rai ya sa mutum a addu'a. Limamin coci yakan sa wa lambar albarka, amma babban littafin koyarwar cocin na 1992 ya kira shi camfi idan mutum ya jingina amfanin abu ga siffarsa ta zahiri, ba tare da duba halin zuciyar mai amfani da shi ba. Musulmin da ya san muhawarar tawassuli da ta rataya laya zai gane cewa an daɗe ana tafka irinta a maƙwabta. Kiristocin da suka ɓalle daga Roma a ƙarni na 16 sun yi watsi da roƙon waliyyai, kuma mabiyansu suna kan haka har yau.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Abin da ke zuciyar mai jin tsoro kuwa ba ya bin littafi sau da ƙafa, kuma cocin ya sani. Lambar da ta fi kowace yaɗuwa a tarihin Katolika an fara buga ta ne a Paris a 1832, bisa wahayin da wata matashiyar mai zaman zuhudu, Catherine Labouré, ta ce ta gani na Maryamu a 1830. Fitowarta ta zo daidai da annobar kwalara da ta kashe dubban mutane a birnin, kuma talakawa ne, ba malaman coci ba, suka raɗa mata suna lambar al'ajabi, sunan da ya danne na asali. A 1969 kuma aka cire ranar Waliyyi Kiristofa daga kalandar cocin ta duniya, aka bar ta ga yankunan da suke so, domin abin da tarihi ya tabbatar game da shi bai taka kara ya karya ba. Direbobi ba su fasa rataya lambarsa a madubin mota ba. Saboda haka Hajiya ba ta yi kuskure baki ɗaya ba. Tsakanin abin tunawa da abin dogaro akwai iyaka, amma iyakar a cikin ƙirjin mai ratayawa take, ba a ganinta daga kujerar kusa.

Tambaya ta biyu ta fi sauƙi. "Wace ce wannan ɗin?"

'Yar Darfur ce, daga ƙabilar Daju, an haife ta wajen shekarar 1869 a wani ƙauye yamma da Nyala. Tana tsakanin shekara bakwai da tara masu farautar bayi suka sace ta, suka kora ta a ƙafa ɗaruruwan kilomita zuwa Al-Ubayyid, garin da mai lambar ta tashi. Firgicin ya sa ta manta sunan da iyayenta suka sa mata, kuma har ta mutu ba ta tuna shi ba. Waɗanda suka sace ta ne suka kira ta Bakhita, wato mai sa'a da Larabci. Ƙasar Hausa ma ta san irin wannan raɗin suna, inda bawa zai tashi da suna kamar Allah-Kyauta ko Nagode, sunan da in aka lura, farin cikin mai shi yake faɗa. An sayar da ita sau da dama. A gidan wani janar na sojan Turkawa aka kira wata mata da kwanon gari da kwanon gishiri da aska. Aka zana mata fasali a jiki da garin, aka bi zanen da aska, aka riƙa cusa gishiri a raunukan don tabon ya tashi. Tsaga 114 ta ƙirga a ƙirji da ciki da hannun dama. Ado ne, a ganin matan gidan. Wato adon farko da ta ɗauka a jikinta ba nata ba ne, kuma ba a cire shi.

A 1883 jami'in jakadancin Italiya a Khartum, Callisto Legnani, ya saye ta. Bai doke ta ba, kuma littattafan tarihinta sukan yaba masa a kan haka. Sai dai da suka tsere wa mayaƙan Mahadi suka sauka Jenowa a 1885, ya ba da ita kyauta ga matar abokinsa Augusto Michieli, kamar yadda ake ba da tsarabar tafiya. Ta zama mai renon 'yarsu a wani ƙauye kusa da Benis.

A can ne wani mai kula da dukiyar gidan, Illuminato Checchini, ya ba ta ɗan ƙaramin gicciye na azurfa. Ba ta san ma'anarsa sosai ba tukuna. Abin da ta yi da shi shi ne ta ɓoye, domin ba ta taɓa mallakar komai ba a rayuwarta, kuma tana tsoron a karɓe. A duk labarinta babu wurin da ya fi kusa da batun kayan ibada na ratayawa kamar wannan. Kafin gicciyen ya zama mata alamar imani, ya fara zama abu na farko da za ta ce nata ne.

A ƙarshen 1888 uwargidan ta tafi Suwakin, inda mijinta ya sayi otal, ta bar Bakhita da yarinyar a hannun mata masu zaman zuhudu na ƙungiyar Kanosa a Benis. Da ta dawo ɗaukarsu, Bakhita ta ce ba za ta je ba. Uwargidan ta yi lallashi, ta yi barazana, ta kai ƙara ga hukuma. Ranar 29 ga Nuwamba, 1889, aka yanke hukunci cewa dokar Italiya ba ta san wani abu wai shi bawa ba, don haka zaɓi na hannunta. Ta zaɓi zama. Aka yi mata baftisma ranar 9 ga Janairu, 1890, da sunan Josefin, aka haɗa da Fortunata, wanda fassarar Bakhita ce kawai. Ta ɗauki alkawarin zuhudu a 1896, aka tura ta garin Skiyo a 1902, inda ta yi yawancin sauran rayuwarta tana girki, tana gyara ɗakin ibada, tana tsaron ƙofa. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1947. Masu jinyarta sun ruwaito cewa a zafin ciwon ajali ta koma zamanin bauta, tana roƙo a sassauta mata sarƙoƙi don sun yi nauyi. Fafaroma John Paul na biyu ya sanya ta cikin masu albarka a 1992, ya ayyana ta waliyyiya ranar 1 ga Oktoba, 2000. Ita ce ake ɗauka majiɓinciyar Sudan da ta waɗanda aka yi safararsu, kuma tun 2015 ranar rasuwarta ta zama ranar addu'a kan safarar mutane a cocin.

Lambar da ke hannun Hajiya ta girmi waliccin. Mahaifiyar mai ita ta samo ta ne a Fabrairun 1993, da ta hau mota daga Al-Ubayyid zuwa Khartum da tsohon ciki don ta ga Fafaroma a ziyararsa ta yini guda. Ta dawo da niyyar in mace ta haifa, sunan za a sa. Mijinta ya ce atafau. Kakarsa ta ba shi labarin yadda mutanensu suke hawa duwatsu su ɓuya in sun hangi ƙurar dawaki, kuma shi ba zai ɗauki sunan da ɓarayin mutane suka raɗa ya liƙa wa 'yarsa ba, ko wane Fafaroma ya wanke shi. Aka sa wa jaririyar wani suna. Uwar ta ɗaura mata lambar a wuyan hannu da zare, daga baya ta mayar wuya. Uban ya gani, bai ce a cire ba. Sulhun ke nan, kuma mai lambar ta girma tana ɗauke da gardamar iyayenta a ƙirji ba tare da ta sani ba.

Uban yana da hujja fiye da yadda ya zata. Kalmar da Turawa suke fassara majiɓinci da ita ta fito ne daga Latin, patronus, kuma a dokar Roma ta dā ɗaya daga cikin ma'anoninta shi ne ubangidan da ya 'yanta bawa, wanda 'yantaccen yake ci gaba da yi wa biyayya da hidima. A gidan tarihi na ƙasa da ke Roma akwai wani ƙangin ƙarfe na wuya daga wajen ƙarni na 4 ko na 5, da 'yar farantin tagulla tana lilo a jikinsa. Rubutun da ke kai yana sanar da cewa mai sanye da shi gudu ya yi, a kama shi a mayar wa ubangidansa Zoninus, a karɓi ladan tsabar zinariya guda. An tono irinsa da dama, wasu ma ɗauke da alamomin Kiristanci. Wanda ya ajiye hoton wannan farantin kusa da lambar waliyyi zai ga kamar da ba ta da daɗin gani: ƙarfe a wuya, da suna a kai, yana gaya wa baƙo wannan mutumin na wane ne.

Bakhita ba ta guje wa wannan kamar ba. Da harshen mutanen Benis da ta koya, Allah take kira Paron, kalmar da bara yake kiran ubangidansa da ita, kuma Fafaroma Benedict na 16 ya tsaya a kan wannan a wata wasiƙarsa ta 2007 kan bege. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Da kalma ɗaya, bauta, yake faɗin abin da aka yi wa Bakhita a gidan janar da abin da ta yi a ɗakin ibada na Skiyo. Ubangiji ma a tsohuwar Hausa mai bawa ne. Bambancin da ya rage shi ne wanda ya ɗaura. Maƙeri ne ya daddatse ƙangin Zoninus don kada ya ɓalle. Lambar kuwa maƙalli gare ta, mai ita ce take buɗewa in za ta yi wanka, kuma matar da ke jikinta an san ta ne da ranar da ta ce ba za ta je ba.

Duk da haka akwai ɓangaren labarin da mai lambar ba ta taɓa iya haɗiyewa ba. An ruwaito cewa an tambayi Bakhita abin da za ta yi in ta haɗu da waɗanda suka sace ta, ta ce za ta durƙusa ta sumbaci hannuwansu, domin ba don su ba da ba ta san addininta ba. Masu wa'azi suna ƙaunar wannan magana, kuma yafiya ce da ta fi ƙarfin yawancin mutane. Amma maganar ta fito ne daga bakin matar da, bayan an buga tarihinta a 1931, aka riƙa zagayawa da ita garuruwan Italiya ana nuna wa jama'a, a shekarun da gwamnatin Mussolini take mamaye Habasha. Yafiyar wanda aka zalunta kan zama abin ado a hannun waɗanda ba su ɗanɗana zaluncin ba, kuma ba ta wanke kowa a cikin jerin: Larabawan da suka sace, Baturken da aka tsaga ta a gidansa, Bataliyen da ya ba da kyauta. A cikin motar nan, wuyanta yana zafi inda sarƙar ta kurje, mai lambar ta gwada tunanin sumbatar hannun yaron mai bindiga. Ba ta iya ba, kuma ba ta ji tana bin kanta bashin hakan ba.

Hajiya ta saurari abin da aka iya gaya mata a taƙaice, tana jan carbi. Da aka gama ta ce, "Allah ya isa. Ni dai hoton mutum a wuya ban yarda da shi ba, ɗiyata, kada in ɓoye miki." Sannan ta kama gefen laffayarta ta zaro zare uku dogaye, ta murza su a cinya yadda ake murza igiya, ta zura lambar, ta ƙulla, ta miƙa. "Kayan uwarki ne. Sa a cikin riga, akwai sauran shinge a gaba."

Kwana huɗu suka yi a mashigar Arƙin, cikin jerin motoci da zafin rana, suna raba ruwa da dabino. Mai lambar ce ta riƙa duba wa Hajiya ƙwayoyin hawan jini, ta rarraba su yadda za su kai Aswan. A tashar jirgin ƙasa suka rabu, kowacce ta nufi inda danginta suke, ba su karɓi lambar wayar juna ba domin babu mai waya a cikinsu.

Yanzu tana unguwar Faisal a Alƙahira, tana aiki a bayan kanta a wani kantin magani da takardun da ba su gama fitowa ba. Ranar Lahadi takan je cocin Sakakini, inda 'yan Sudan suke taruwa. Wata rana wata mata a can ta ga lambar, ta ji labarin shingen, ta ɗaga hannu ta ce waliyyiyar ce ta tsare ta. Mai lambar ba ta yi musu ba, amma ba ta amsa ba. Aikinta ya koya mata yadda mutum yake jingina warkewarsa ga ƙwayar da babu komai a cikinta, kuma ta san wata maƙwabciyarsu a Khartum da aka binne da irin wannan lambar a wuya. Abin da za ta iya rantsewa a kai kaɗan ne: yaron ya ɗauki abin da ke da kuɗi, ya yar da abin da ba shi da shi, kuma duk lokacin da ta sa hannu ta taɓa ƙarfen, addu'ar da ta maƙale mata takan samu hanyar fita.

Mahaifiyarta ta ƙi barin Al-Ubayyid. Layin waya yakan yi makonni a katse. Ranar da aka samu, bayan gaisuwa da lissafin wanda ya tsira da wanda ba a ji ɗuriyarsa ba, tsohuwar ta tambaya ko lambar tana nan.

"Tana nan, Mama. Sarƙar ce ta tafi."

"Sarƙar ai ke kika saya."

Zaren laffayar ya kai wata bakwai kafin ya tsinke a wurin ƙullin. Ta sayi sarƙar ƙarfe mai araha a kasuwar Ataba, irin wadda ba ta tsatsa, ta mayar da lambar kai. Zaren kuma ta naɗe shi ta sa a cikin ambulan ɗin da take ajiye fasfo da takardar shaidar karatunta.